Shekarar da Muka Yi wa Baƙar Ƙasa Huɗa

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci a Morris Heights, nan Bronx a New York, wani saurayi cikin 'ya'yanmu ya tare ni yana so in yi masa hanya a wurin aikinmu. Na tambaye shi abin da ya sani game da aikin. Ya ce, "Baba, ba ciyawa kuke shukawa a bakin ruwa ba? Ai easy ne." Abokansa biyu suka yi dariya. Ban tanka masa ba, don ƙofar masallaci ba wurin faɗa ba ce, amma har na isa gida raina bai daina tafasa ba. Shekara goma sha huɗu ina cikin lakar nan, gwiwoyina biyu sun ƙare a cikinta, sai ga wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yana yanke wa aikin hukunci yana danna waya. Shi da ire-irensa nake rubuta wa wannan.

Sunana Haruna. A ƙasar Haɗeja aka haife ni, kuma da noman tattasai da albasa a fadama na buɗe ido. Da na zo New York shekara shida na yi a Canal Street ina sayar da jakunkuna da tabarau a gefen titi, ido ɗaya a kan mai saye, ɗaya a kan 'yan sanda. Maƙwabcin shimfiɗata wani Isufu ne, ɗan Nijar daga wajen Gaya, shi ma manomi. Shi ya zo mini da labarin wani kamfani da ke neman mutanen da ba sa ƙyamar laka. Ya ce, "Bon, Haruna, laka dai cikinta munka girma. Mu tai mu gwada." Muka je da girman kanmu na manoma, muna ganin mu ne za mu koya wa Turawa aiki.

Wurin yana can bayan filin jirgin sama, inda ruwan teku yake shigowa fadama sau biyu a rana, ya kuma janye. Daga gidana sai na shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu, in sauya wani, sannan motar kamfani ta kwashe mu, wani lokaci har da kwalekwale. Fadamar ruwan gishiri ce. A sama doguwar ciyawa ce, a ƙarƙashi kuma akwai abin da muke yi wa hidima. Turawa suna ce mata peat, mu muna cewa baƙar ƙasa. In ka ɗebo ta a hannu za ka ga ba ƙasa ba ce sosai. Saiwoyi ne da ganyen ciyawar da ta mutu tun kafin a haifi kakan kakanka, suka taru a ƙarƙashin ruwa suka danne juna, ba su ruɓe ba saboda iska ba ta kai gare su. Iskar nan da ake cewa tana ƙara wa duniya zafi, wani kasonta yana kulle a cikin baƙar ƙasa muddin tana jiƙe. Ita ce ke karya ƙarfin ruwa kafin ya kai gidajen mutane. A jikinta ƙananan kifaye suke girma, ƙaguwa take haƙa rami, tsuntsaye suke yin sheƙa. Teku tana cin ta kaɗan-kaɗan. Aikinmu shi ne mu dasa ciyawa inda ta mutu, don saiwa ta riƙe abin da ya rage, ta kuma ɗora wani a kai.

Ranar farko shugabar aikinmu, Madam Rosa, wata gajeriyar mata mai furfura 'yar asalin Puerto Rico, ba ta ba mu tsiro ko ɗaya ba. Tafiya ta koya mana. Aka ba mu wandon roba mai haɗe da takalmi wanda yake kaiwa ƙirji, aka shimfiɗa katakai a kan laka, ta ce a kansu kawai za mu taka. Isufu ya ɗauki abin raini ne, ya sauka daga katako don ya nuna mata shi ɗan bakin kogi ne. Ya nutse har cinya. Mu uku muka zaro shi, wandon ya zauna a ciki. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ramin da ya bari ta nuna masa, ta ce zai fi shekara bai rufe ba. Na koma na duba bayan shekara, na tarar da shi yana nan da ruwa a ciki.

Dashen kansa ga yadda yake. Tsiron yana zuwa a tire daga gidan raino, kowanne da ɗan curin ƙasarsa. Akwai sandar ƙarfe mai tsini da muke aiki da ita kamar sungumi: ka soka, ka karkata, ka zare. Ka jefa ƙwayar taki, ka sa tsiro, ka matse gindinsa har iska ta fita, in ba haka ba ruwa na zuwa zai ɗaga shi ya tafi da shi. Haka za ka yi ta yi a sunkuye har bayanka ya ƙage, sauro da ƙudaje masu cizo suna cin wuyanka, jirage suna wucewa bisa kanka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Kuma ba ko'ina ake sa shi ba. Tudu ko gangaren da bai fi faɗin tafin hannu ba ya isa ya kashe shi. In ya yi ƙasa ya nutse, in ya yi sama wata ciyawar banza ta shaƙe shi. Lokacin aiki ma ba agogo ke yanke shi ba, ruwa ne. A nan kaɗai muka fi Madam Rosa. Ita sai ta duba takarda, mu kuwa kwanan wata yana kanmu, mun gane in an ga sabon wata, ko ya kai sha huɗu zuwa sha biyar, ruwa zai cika fiye da kullum, ya kuma janye nesa. Ta sha tambayata, "Haruna, yau nawa ga watanku?"

Akwai filin da muka yi mako biyu muna dasawa, manyan agwagin nan irin dinya suka sauka suka tsige shi cikin safiya biyu. Tun daga nan duk inda muka dasa sai mun kafa turaku mun saƙa igiya a sama, don ba sa son sauka inda fuffukensu zai sarƙe. Su ban riƙe su a rai ba, yunwa ce ke kawo su. Waɗanda na riƙe su ne masu zuwa ranar Asabar. Kamfanonin da suke ɗaukar nauyin aikin sukan turo ma'aikatansu da riguna iri ɗaya, su yi awa biyu, kowa ya sa tsiro goma, ya shafa laka a kumatu, a ɗauke shi hoto. Ranar Litinin sai mu tarar da rabin abin da suka sa yana yawo a kan ruwa, wasu ma an sa su kai a ƙasa, sawayensu kuma sun dagargaza wurin da muka yi wata guda muna lallaɓawa. Mu za mu sake aikin, hotonsu ne zai fito a rahoto. Ba na ƙin mutum ya zo da niyyar alheri. Abin da ke ƙona mini rai shi ne su koma gida suna ba da labarin sun gyara fadama, 'ya'yanmu su gani a waya su ɗauka iyakar aikin ke nan.

Amma ɓarnar da ta fi kowace girma ba su suka yi ta ba. Ni na yi ta, a shekarata ta uku, kuma ba lalaci ne ya sa ni ba, ƙwazo ne.

Akwai wani zirin fadama ta gabas, tsawonsa bai wuce taku ɗari ba, tsohuwar baƙar ƙasa ce mai kauri wadda ciyawarta ta mutu. A farkon zafi muka dasa shi. Ba a daɗe ba mahaifiyar Madam Rosa ta kwanta asibiti, ta tafi jinya mako guda, ta bar mini wurin tare da Isufu da Musa, wani ɗan zangon Kumasi. Abin da ta ce mu yi kaɗan ne: mu gyara igiyoyin agwagi, mu kwashe sharar da ruwa yake kawowa. Sai wata ya kai sha huɗu, ruwa ya cika, da ya janye ya bar kwanciya a kan zirin. Tsironmu yana tsaye cikin ruwa, bakin ganyensa ya fara rawaya, ƙasa tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Duk wanda ya taɓa noman tattasai ya san abin da wannan yake nufi a gona.

Isufu ya tsuguna ya shinshina, ya ce, "Wagga ƙasa ta shaƙe. Iska taka so."

Musa ya ce, "Madam bai ce mu tona ba fa."

Na ce masa, "Madam a littafi ta karanta, mu a gona muka karanta." Ni aka bar wa wurin, ni na yanke maganar.

Washegari Isufu ya zo da garma, ta gida ta gaske, wadda yake noma da ita a wani ɗan lambun unguwa a Bronx. A buhu ya naɗe ta ya shigo da ita jirgin ƙasa. Muka cire tsiron a hankali muka ajiye gefe, muka shiga huɗa. Shi da garma, mu da shebur. Muka ja kunyoyi miƙaƙƙu, zurfin kwarinsu ya kusa gwiwa, muka kife baƙar ƙasa cikinta ya kalli rana, muka mayar da tsiro a bisa. Kwana uku muka yi, gwargwadon damar da ruwa ya ba mu. Ko a gonar mahaifina ban taɓa yin huɗa mai kyanta ba. Isufu har waƙar noma ya yi. Da muka gama na tsaya ina kallo, na ƙosa Madam ta dawo ta ga aikin manoma.

Da ta dawo ta tsaya a ƙarshen katako tana kallon kunyoyin. Sannan ta zauna a kansa, ta saki ƙafafunta cikin laka, abin da take hana kowa.

Ta ce, "Wa ya ce ku yi?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "Haruna, warin nan da ka ji lafiyarta ke nan. Ka buɗe abin da ya yi ɗaruruwan shekaru a rufe."

Ni a lokacin haushinta ma na ji. Na ce ta jira mako biyu ta gani. Ba ta jira ba, ta sa mu muka tura ƙasar cikin kwarinta a ranar, amma baƙar ƙasa in an yanka ta ba ta haɗewa. Wadda ta sha rana ta tsattsage, ta koma toka-toka, in ka murza ta sai ta zube kamar garin gawayi. Ruwan da ke kwance a tsakani ya yi ja kamar tsatsa, ya ƙona saiwa. Kafin zafi ya ƙare babu tsiro ɗaya mai rai. Layukan da muka haƙa suka zama hanyar teku, tana shiga tana fita tana kwasa. Da sanyi ya zo ƙanƙara ta kama bakin zirin tana ɓalle shi gunduwa-gunduwa, ga shi shekarar an yi guguwa mai ƙarfi. Abin da ya tafi ya kusa kashi ɗaya cikin uku, kuma ba zai dawo ba.

A rahoto Madam Rosa ta rubuta cewa ƙanƙara ce da guguwa, kuma ƙasar wurin ba ta riƙe shuka. Ta yi haka ne don kada a kore mu mu uku. A mota ta faɗa mini, ta ce, "A takarda na rufa maka asiri. Amma wurin nan naka ne yanzu." Kamfani ya cire zirin daga jerin wuraren aiki, ni ban cire shi ba. Duk yashin da ya rage daga wani wuri sai in tura shi a baro a kan katako in cike kwari. Na jera dunƙulen zaren kwakwa a bakin ruwa don ya rage dukan igiyar ruwa. Tsiron da ya rage a tire, wanda da zubarwa za a yi, can nake kai shi a lokacin hutun cin abinci. Shekara biyu a jere yana mutuwa. A ta uku wani ɓangare ya kama, daga nan ya yi ta rarrafe da kansa. Ana cikin haka Isufu ya koma gida, Musa ya koma tuƙin tasi, Madam Rosa ta yi ritaya, aka mayar da ni foman. Babu wanda ya rage da ya san abin da ya faru. Sababbin ma'aikata suna yi mini kallon mutumin da bai taɓa kuskure ba, ni kuma ban gyara musu ba. Na sha yi musu tsawa a kan sawu ɗaya da suka bari a laka.

A farkon zafin bana aka kawo babban aiki, za a zuba yashi a ɗaga tsakiyar fadamar, kuma sai an yi wa katafila hanya. Na zo da safe na tarar da jajayen tutoci a jere a kan zirina, daga farkonsa har ƙarshe. Injiniyar aikin Hauwa ce, 'yar wani dattijo da muke salla tare. A Concourse Village, nan Bronx, ta girma, na san ta tun tana firamare. Tana jin Hausa sarai, amma rabi da rabi take mayarwa.

Na ce, "Hauwa, wa ya kafa tutocin nan?"

Ta ce, "Ni ce, Kawu. Nan katafila za ta bi. Report ya ce ƙasar nan ba ta riƙe shuka, so ba mu da asara."

"Ga ciyawa har ƙugu a gabanki."

"Na gani. Sama ce kawai take kore. Ta taɓa mutuwa gaba ɗaya, winter ɗaya zai sake tafiya da ita. In zan canza hanya sai na ba su dalili."

Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da takardar, amma na san inda laifin yake. Ƙaryar da ta tsare mini aiki ita ce za ta kawo katafila ta niƙe wurin. Ma'aikatana shida suna tsaye a bayana, huɗu daga cikinsu suna jin Hausa. Na ce mata ta zo gefe mu yi magana.

Ta ce, "Kawu, duk abin da za ka faɗa, I have to write it. Da sunanka."

Na ga zuwa gefen ba shi da amfani. A nan inda nake tsaye na faɗi komai, da garmar, da kwana ukun, da abin da na ce wa Musa. Sai da na kwatanta mata huɗa da hannu, don ba ta taɓa ganin gona ba. Wani a bayana ya fara dariya ya haɗiye ta. Ban juya ba, don ba na son sanin ko wane ne. Tun da nake ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba, dattijo da furfura yana tona kansa a gaban sa'ar 'yar cikinsa da waɗanda ya daɗe yana yi wa faɗa.

Ta ce, "Ka san wannan zai iya taɓa aikinka?"

Na ce, "Na sani."

"Kuma magana kaɗai ba za ta isa ba. Sai na ga ƙasar."

Ta ɗauko wani bututun ƙarfe da suke sokawa a ƙasa su zaro ta a jere yadda take kwance. Ta danna shi da nauyinta, ta murɗa, ta zaro, ta shimfiɗa abin da ya fito a kan katako. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya. A can ƙasa tsohuwar baƙar ƙasa ce, jiƙe, lafiya lau. A tsakiya wani layi ne mai toka-toka haɗe da yashi, wato aikin hannuna. A sama kuma saiwa ce mai rai, ja-ja, a saƙe. Ta kama ta da hannu biyu ta ja, ta ƙi yagewa.

Ta ce, "Wannan na saman shekara nawa ne?"

Na ce, "Goma sha ɗaya."

Ta ɗora yatsunta a kai. Uku suka rufe shi. Ta ɗago ta kalle ni, sannan ta tashi ta fara cire tutocin da kanta.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Hanyar katafila ta zagaya ta wani tsohon juji mai tauri, aikin ya ƙara mako uku. Rahoto ya fita da sunana. An sauke ni daga foman, na koma riƙe sandar dashe a ƙarƙashin wanda ni na koya wa aiki, kuma ban ce an zalunce ni ba. Ku da kuke son in yi muku hanya, ku auna da kanku: manomi ɗan manomi ya shiga wurin nan da saninsa, ya ɓata cikin kwana uku abin da sauran kwanansa ba za su mayar ba. Wanda zai shiga da raini ban san abin da zai yi ba, kuma ba ni ne zan kai shi ba.

Kafin mu bar wurin a ranar da ta cire tutocin, Hauwa ta dawo da leda, za ta zuba ƙasar da ta zaro ta kai ofis su gani.

Na ce, "Ɗauki hoto."

Ta ce, "Kawu, sample ne kawai. Ɗan kaɗan ne."

Na ce, "A ofis kwana biyu zai yi ya bushe. Na taɓa busar da ita sau ɗaya."

Ta ɗauki hoton, ta miƙo mini abin da ta zaro. Na durƙusa da ƙyar, na mayar da shi raminsa yadda ya fito, baƙi a ƙasa, saiwa a sama, na shafe bakin ramin da tafin hannu. Ruwa ya riga ya fara shigowa. Kafin mu kai mota ya rufe wurin.